Langar da Na Yi a Gaban Kakan Habibu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, bayan la'asar, a ƙofar gidana da ke Kontagora. Har yau in na bi ta gindin darbejiyar nan sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma kafin in kai ga abin kunyar sai na faɗi abin da ya jawo shi, don ba da dariya ya fara ba.

Ƙanena Sani ya rasu farkon daminar bara waccan. A Ibeto yake zaune, yana noma yana sayar da taki. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ga Habibu nan. Kai nake so ka riƙe shi." Na ce masa ya bar irin wannan magana, zai tashi da yardar Allah. Bai tashi ba.

Habibu ɗansa ne na fari, lokacin bai wuce shekara shida ba. Uwarsa Rabi ga tsohon ciki ga rashin lafiya, sai iyayenta suka tafi da ita Nasko, ni kuma na taho da yaron. Ni da matata Hajara Allah bai ba mu haihuwa ba, shekara da shekaru, don haka ba sai na faɗi yadda ta karɓe shi ba. Tun kafin mu iso ta share ɗaki, ta ɗinka masa zanin gado mai furanni.

Sai dai yaron da na kawo ba shi ne Habibun da na sani ba. Wancan in ya shigo gida kaji ma sai sun nemi mafaka. Wannan kuwa daga "eh" sai "a'a". Ranar jana'iza bai yi kuka ba, mata suna ta cewa yaro mai dauriya, kuma tun daga ranar bai yi dariya ba. Yakan zauna a bakin ƙofar ɗaki ya haɗa gwiwa, ya zuba wa ƙasa ido. Tuwo sai ya yi loma kaɗan ya ce ya ƙoshi. Ina kallon wuyansa yana zama siriri, raina yana ɓaci, na rasa ta inda zan kama.

(A nan sai in faɗi ko ni wane ne. Ni ne malamin ladabtarwa a wata makarantar sakandare a garin nan. In na yi gyaran murya a bakin aji, ko ƙuda sai ya nemi wurin zama. Na ƙware wajen sa yara su yi shiru. Sa yaro ya yi magana kuwa, ban taɓa koyo ba.)

Labari ya kai Nasko ta bakin wata goggon Rabi da ta zo duba shi. Sai ga wayar Malam Garba, mahaifin Rabi, dattijo wanda ba ya magana biyu. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, mun ji yaron nan yana ramewa. Asabar zan zo in gani da idona. In bai sake ba, zan taho da shi wurin uwarsa, kada ka ga laifina." Me zan ce? Gaskiya ya faɗa. Amma na yi wa Sani alkawari, kuma Hajara da ta ji, ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba, alhali ba abin da ke kan wuta.

Washegari na nufi kasuwa da niyyar sayo farin ciki a leda. Na tsaya a shagon kayan wasa ina yi wa mai shago tambayoyi kamar ina jarraba ɗalibi. Ya miƙo mini ƙwallo, na ce a'a, za ta fasa gilashin taga. Ya ɗauko igiyar tsalle, na ce ta mata ce, kuma yaro zai iya faɗuwa ya goge gwiwa. Ya nuna mini wani ɗan keke, na ce hanyarmu babura sun yi yawa. Duk abin da zai sa yaro gudu ko gumi sai na samo masa laifi. A ƙarshe na zaɓi jirgin sama mai walƙiya, da wata wayar roba mai magana, da babbar motar 'yan sanda mai rimot, wadda in an taɓa ta jiniyarta sai ta tashi unguwa.

Da na baje su a tsakar gida, Hajara ta duba ta ce, "Malam, waɗannan ai su ne suke wasan da kansu. Shi me zai yi?"

Na ce, "Ke me kika sani game da kayan zamani?" (Allah ya yafe mini wannan baki nawa.)

Habibu ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Na gode, Baffa." Ya mayar da kowanne cikin kwalinsa, ya jera su a ƙarƙashin gado, ya koma bakin ƙofa ya haɗa gwiwa.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, Hajara ta tuƙa tuwon shinkafa, ni kuma na sha shaddata mai sitaci. Na fito da kayan wasan na jera su a kan tabarma kamar mai talla, wai don dattijon ya ga ba a bar jikansa haka ba. Na zaunar da Habibu kusa da su. An yi ruwa da safe, hanya ta ɓaci, baƙi ba su iso ba har aka yi la'asar.

A filin da ke gaban gidan yaran maƙwabta suka fara langa. Kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya, yana tsalle da ɗayar, ana bangazar juna da kafaɗa, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Na buɗe baki zan kore su saboda baƙi, sai na ga Habibu ya ɗaga kai. Ba motar yake kallo ba, su yake kallo.

Can ya ce, a hankali, "Babana ya iya langa. Ba wanda yake kayar da shi a Ibeto."

Tun da ya zo gidan nan, wannan ce magana mafi tsawo da ta fito daga bakinsa, kuma shi ne karo na farko da ya ambaci babansa. Na ji tsoron kada in yi shiru ƙofar ta sake rufewa. Na ce, "Ai ni na koya masa." Kuma gaskiya ce, a ƙofar gidan mahaifinmu, lokacin ina siriri kamar kara.

Ya dubi fuskata, ya dubi tumbina, ya ce, "Kai, Baffa?" Sannan ya ce, "Yi in gani."

Na leƙa hanya, ba kowa. Na ce minti nawa ne? Na cire hula, na tuɓe babbar riga da 'yar ciki, na rage daga ni sai singileti da wando. Da yaran suka ga na nufo su, biyu suka ruga, sauran suka ƙame, don sun san ni. Na ce, "Ku ci gaba, da ni za a yi." Na sunkuya na laluba ƙafata ta baya, wadda rabon da mu gaisa da ita an daɗe, na kamo ta da ƙyar.

Tsallen farko gwiwata ta yi ƙara. Na biyu numfashina ya fara neman hanya. Amma a na uku sai na bangaje wani ɗan yaro ya saki ƙafa, aka yi ihu, na waiwaya na ga Habibu a tsaye a bakin tabarma. A tsaye! Yana cewa, "Baffa, bayanka! Bayanka!" To daga nan fa abin ya hau mini ka. Na manta shekaruna, na manta muƙamina, na manta da wani abu wai shi baƙi. Ina tsalle ina gumi ina kirari, "Wa ya isa! Ku zo dukanku!" Ko ƙarar baburan da suka tsaya ban ji ba.

Suka kuwa zo dukansu. Wani ɗan tsamurmuri ya shammace ni ta gefe, na yi taga-taga da baya, na ji wani abu ya ce ɗas a ƙuguna. Tazugen wandona ne. Na tafi gaba ɗaya na zauna a kan tabarma, daidai kan motar 'yan sanda. Ita kuwa ta ɓarke da jiniya a ƙarƙashina, fitilu suna walƙiya ta gefen cinyata. Rimot ɗin na murƙushe shi da gwiwar hannu, ba halin kashewa.

"Salamu alaikum."

Na ɗaga kai. Malam Garba ne a tsaye cikin farar riga, carbi a hannu, ga limamin unguwarsu a gefensa, ga 'yan acaɓar da suka kawo su daga tasha ba su ma juya ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ya kamata in yi. Surukin ƙanena ne, sa'an mahaifina, kuma rabonmu da haɗuwa tun makabarta. Tashi zan yi in tarye shi, in durƙusa, in ba shi hannu biyu, mu sake yi wa juna gaisuwar rashi. Ni kuwa hannuwana biyu suna ƙuguna suna aikin da ya fi ƙarfin ɗaya. Na yunƙura na miƙe rabi. Dattijon ya miƙo hannu. Na saki dama don in karɓa, wando ya sulale ta dama. Na cafke da sauri, na saki hagu, ya bi ta hagu. Na koma na zauna daɓas, motar ta ƙara murya. A haka, cikin singileti jiƙe da gumi, jiniya tana tashi daga ƙarƙashina, na ji bakina yana cewa, "Baba, sannunku da hanya. Ya ƙarin haƙuri?"

Liman ya ɗaga kai yana duban ganyen darbejiya kamar yau ya fara ganin itace. Ɗan acaɓa ɗaya ya kifa fuska a kan babur, kafaɗunsa suna rawa. Ni dai a ranar da ƙasa ta tsage da na shige ban waiwayo ba.

Sai muka ji dariya. Habibu ne, ya riƙe ciki, ya durƙushe, yana dariya har da shaƙuwa a ƙarshenta, irin ta Sani sak, wadda na yi zaton an rufe ta tare da shi. Hannun Malam Garba yana nan a miƙe, amma ya manta da ni, jikansa yake kallo.

Dariyar ba ta ƙare a dariya ba. Tana cikin tafiya sai ta karye, ta koma kuka. Ya taho da gudu ya faɗa jikina, ya cusa fuska a singiletina yana cewa, "Babana, babana." Kukan da bai yi ba ranar jana'iza, da wanda bai yi ba a duk kwanakin da ya yi yana kallon ƙasa, ranar ya yi shi. Na saki wandon, ya yi abin da ya ga dama, na rungume yaron. Ni ma ashe ban yi nawa ba, ina ta fama da zama babban wa mai karɓar gaisuwa. Muka haɗu muka yi tare, a gaban liman da 'yan acaɓa da yaran unguwa.

Malam Garba ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kusa da mu. Ya jawo motar daga ƙarƙashina, ya juya ta, ya sa farce ya cire batir, wuri ya yi tsit. Ya ɗora hannu a kan Habibu har yaron ya gaji don kansa.

(Hajara duk tana gani ta tsagar ƙofa. Ita ce ta turo mini guntun igiyar shanya na ɗaure ƙugu. Har yau ba ta taɓa tuna mini maganar kayan zamani ba, kuma shirun nata ya fi gori zafi.)

Bayan an ci tuwo, wanda Habibu ya cinye nasa har ya leƙa kwanona, dattijon ya dube shi ya ce, "Abokina, za ka bi ni Nasko?" Na sunkuyar da kai.

Habibu ya yi tunani ya ce, "Zan je in ga Umma. Amma zan dawo. Baffa bai iya ba, kuma ba mai tare masa baya."

Malam Garba ya gyaɗa kai ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "To Malam, ka ji. In an yi hutu ka kawo shi ya ga uwarsa, ku koma tare. Sai dai ka zo da tazuge mai ƙwari, don mu ma muna da yara a can."

Ranar Litinin labari ya riga ni isa makaranta. Har yanzu in na juya baya a filin taro nakan ji wani shaiɗanin ɗalibi yana kukan jiniya ƙasa-ƙasa, kuma na daina neman ko wane ne. Na koma shagon nan na sayi ƙwallon da igiyar. Gilashin taga ya fashe kamar yadda na yi hasashe, gwiwa ta goge, tawa da tasa. Da yamma Hajara takan riƙe bakin igiya ɗaya, darbejiya ta riƙe ɗayan. Motar 'yan sandan da na lotse ita ce ya fi so yanzu, ba batir, ya ɗaura mata zare yana ja da gudu, yana yi mata jiniyar da bakinsa.

Abin da na koya kaɗan ne. In za ka zaɓa wa yaro abin wasa, zaɓi wanda zai tashe shi tsaye, kai ma ya tashe ka, kuma kafin ka tashi ka duba tazugenka. Habibu dai har gobe bai yarda ni na koya wa babansa langa ba. Ya ce babansa ba ya faɗuwa. Na daina musu.