Yadda Na Kashe Guɗar Gwaggo Saratu

Ranar da na sa wa kwamfutar shagona na Samaru filogin, wata 'yar manhaja mai cire ƙara, ji na yi duk Zariya ba mai haɗa bidiyo kamata. Aikin farko na auren abokina Iliya ne, wanda aka ɗaura a wata coci a Sabon Gari, janareta na ruri daga farko har ƙarshe.

"Ango, kwantar da hankalinka," na ce masa. "Wannan abin ko kukan sauro sai ya tsame shi."

Ƙa'idar abin ita ce ka nuna masa inda ƙarar take, ya haddace ta, ya bi fim yana sharewa. Ni gwani ban tsaya na saurara ba. Na ga inda layin sauti ya fi tashi sama, na ce lallai nan janareta ya haukace. Na danna, na buga faifai har da na rabo.

Ashe guɗar Gwaggo Saratu ce, yayar baban ango, wadda duk garin Bomo ba a biki sai da ita.

Dangi suka cika falo aka kunna. Ga janareta nan garau, kamar shi ne ango. Ga Gwaggo ta kama hanci, ta hangame baki, jijiyar wuya ta miƙe, amma tsit kake ji.

Ta juyo ta kalle ni. "Ɗan nan, shekara arba'in ina guɗa, ko mura ba ta taɓa hana ni ba. Sai kai."

Na gyara washegari. Amma har yau in na shiga gidan biki, matan dangin nan sai su kama hanci, su buɗe baki, ba sauti. Gaisuwata ke nan.