Facin da Na Yi wa Kwamfutar Ofishinmu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na ɗauki basillar mahaifina na yi wa kwamfuta faci ba. Yau furfura ta cika mini kai, jikokina suna yawo da kwamfuta a aljihu, amma duk ranar da abin ya faɗo mini a rai sai kunya ta rufe ni.

A ƙarshen shekarun saba'in ne. Ina aiki a wani kamfanin sayen kuza, ma'adinin da ake haƙa a nan Jos, a ɗakin da aka ajiye kwamfuta. Kada ku yi tunanin irin ta yanzu. Wannan girmanta ya kai kabad ɗin amarya, tana da ɗakinta ita kaɗai, da sanyin da ya fi na garin kansa. A jikinta an maƙala wani akwati da ke haɗa ta da layin waya zuwa ofishinmu na Legas. Aikina shi ne in goge ƙura, in kunna ta da safe, in sa takarda a injinta na buga saƙo. (A gida kuwa, a unguwarmu Kwararafa, abin da na gaya wa mutane daban ne. Za ku ji.)

Mai aikin na gaskiya shi ne Injiniya Musa, wani siririn mutum mai haƙuri wanda ba ya ɗaga murya. Shi ya rubuta umarnin da ke sa kwamfutar ta fahimci akwatin nan, abin da su a sana'arsu suke kira direba. Ya daɗe yana fama da shi, domin saƙon Legas yakan shigo da gudu fiye da yadda kwamfutar za ta karɓa, sai haruffa su zube a hanya. Ya gyara, ya gwada, ya sake gyarawa, har ta koyi karɓa ba ta yar da ko ɗaya. Duk wannan wahalar tana kan wani dogon tef na takarda mai huji-huji. Kowace safiya ni nake zura shi a na'ura ta karanta, sannan layi ya buɗe.

To, a lokacin ina neman auren Hajara, 'yar Alhaji Buba, wani mai fataucin shanu da ke zaune wajen Vom. Alhaji ya san mahaifina tela ne, ya san ni ma a gindin keken ɗinki na tashi. Da ya tambaye ni sana'ata, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, ai na bar ɗinki. Yanzu ni injiniya ne. Ni na koya wa na'ura magana da Legas."

Ya dube ni irin duban da yake yi wa sa a kara, kasuwar shanu. Ya ce, "To, yaro. Ni ba na ba da 'yata ga aikin da ban gani da idona ba. Zan zo in ga na'urar."

Na je na durƙusa wa Injiniya Musa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Ba komai. In ya zo kai za ka danna, ni zan tsaya gefe kamar mai shara. Amma kada ka taɓa abin da ban nuna maka ba."

Ranar da Alhaji zai zo, na riga kowa isa ofis. Na ce bari in gwada zura tef ɗin da salo, da hannu ɗaya, yadda zai burge. Na fizge shi, ya maƙale, sai na ji ƙyat. Ya yage a tsakiya.

Mai hankali zai zauna ya jira Injiniya. Ni kuwa ɗan tela ne, ban taɓa ganin yaga na bar ta ba. Na yanko 'yar takarda, na shafa gam, na haɗa bakin biyu tsaf, ko gurbin ba ka gani. Sai na lura facin ya toshe hujojin wajen. Na zaro basillar mahaifina da ba ta rabuwa da aljihuna na huda sababbi. Da na ɗaga shi a haske, sai na ga layukan Injiniya ba su da tsari: nan huji uku, can ɗaya, can babu. Na ce a raina, mutumin nan da iliminsa, amma hannunsa ba shi da kyau. (Allah Ya yafe mini.) Na cike masa gurabun, na jera su reras kamar aikin wuyan riga. Ban san kowane huji harafi ne ba, kuma inda babu hujin ma magana ce.

Da hantsi Alhaji ya iso cikin babbar riga, da sandarsa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ce, "Wannan ɗaki kamar na ajiyar nono." Injiniya ya gaishe shi ya koma gefe, yadda muka yi. Na gyara tsayuwa, na zura tef, na danna.

Na'urar ta haɗiye shi. Fitilunta suka yi ƙyaf-ƙyaf. Na juyo na ce, "Baba, yanzu za ka ji Legas."

Sai injin buga saƙo ya haukace. Ya shiga buga harafi ɗaya ba tsayawa, ƙararrawarsa tana kaɗawa kamar ta makarantar firamare, takarda tana kwarara ƙasa har ta rufe wa Alhaji ƙafa. Ya ɗaga ƙafar ya ce, "Yaro, Legas ɗin ce take faɗa haka, ko kuwa ita da kai ne?"

Na ce, "Gaisuwa ce, Baba." (Har yau ban san inda na samo wannan ba.)

Wayar tebur ta yi ƙara. Injiniya ya ɗauka, muna jin ihun mutumin Legas daga inda muke, wai me muke turo musu, injinsu ya cinye takarda. Injiniya ya kashe na'urar. Ya ɗauki tef ɗin yana bin sa da yatsa a hasken taga, har ya iso wajen aikina. Ya tsaya. Ya dube ni. Sai na ga yana ƙoƙarin naɗe shi ya sa a aljihu, don ya rufa mini asiri.

Amma idon da ke gane saniya mai ciwo daga nesa ba a ɓoye masa takarda. Alhaji ya miƙa hannu ya ce, "Ɗana, kawo in gani."

Ya juya facin gaba da baya, ya shafa shi da babban yatsa. Ya ce, "Kai. Wannan hannun tela ne. Dubi yadda bakin ya haɗu." Ya waiwayi Injiniya. "Kai ne mai na'urar, ko?"

Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Tare muke aiki, Baba."

"Na ji. Shi yana yagawa, kai kana gyarawa."

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na yi mata godiya. Na ce, "Baba, ƙarya na yi. Ni gogewa nake yi, in kunna." Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

Injiniya ya buɗe durowa ya ɗauko wani tef ɗin, domin ashe bai taɓa ajiye guda ɗaya tak ba. Ya miƙo mini, ya ce, "Da hannu biyu, Malam." Na zura. Layi ya buɗe, saƙon Legas ya shigo tsaf, harafi bayan harafi. Alhaji ya kalla na ɗan lokaci, ya sa takalminsa, ya yi tafiyarsa.

Na kwana biyu ina jiran labari. Na tabbata na rasa Hajara. Sai ga wani direban motar shanu ya yi sallama a gidanmu da ƙunshi. Na kwance, na ga babbar rigar Alhaji ce, aljihunta a yage. Mutumin ya ce, "Alhaji ya ce ka ɗinke, amma kada ka ƙara mata huji. Kuma in ka gama, ka turo manyanka su kawo masa."

Ban taɓa yin ɗinkin da na natsu a kansa kamar wannan ba.

Injiniya Musa shi ya zama babban abokin ango. Daga baya ya zaunar da ni ya koya mini karanta hujojin nan ɗaya bayan ɗaya, har na iya haɗa tef yadda ake haɗawa. Allah Ya jiƙansa, har ya bar kamfanin bai taɓa ba wa kowa labarin ba. Alhaji ne ya ba wa kowa, daga Vom har kara.

Abin da na koya shi ne, ba kowane gurbi ne yake jiran in cike shi ba, kuma wanda ya fi buƙatar faci a ranar nan bakina ne. Hajara kuwa har yau, in ta ga na ɗauki wayar jikanmu ina juyawa, sai ta ce, "Malam, ajiye. Ina basillar?"