Wasiƙar Ango da ta Mai Raƙuma

Allah ya yafe mini, ni mutum ne da ba ya ganin kuskure a rubutun wani ya yi shiru. Shekara talatin ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami a kasuwar Keita, kuma kullum sai na faɗa musu cewa alƙalamina bai taɓa tuntuɓe ba.

Ran nan Alhaji Idi mai albasa ya sa ni rubuta biyu. Ɗaya ta barka ce ga ƙaninsa da ya yi aure a Buza, ɗaya ta jaje ga abokinsa na Madawa da raƙumarsa ta mutu. Ina cikin naɗe su sai mushen lakkol, malamin makarantar boko, ya zo wucewa da takarda a hannu. Na karɓe ta, na tsaya nuna masa kurakurai har bakwai, jama'a na kallo, ina jin kaina kamar alƙali. Sannan na miƙa wa direbobi wasiƙun ban duba ba.

Ango ya tara dangin amarya aka karanta masa: "Ka yi haƙuri, dama ta tsufa, haƙoranta sun ƙare. Allah ya musanya maka da wadda ta fi ta." Mai raƙuma kuwa ya samu addu'ar zuri'a ɗayyiba.

Sai da Alhaji ya je Buza da goro aka sasanta.

Har yau in mushe ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Malam, ina kwana? Raƙumar nan ta haihu kuwa?"