Yadda Na Kafe Kaina a Bencin Coci

Wata Juma'a muna haɗa bencuna a wani coci a Karmo, har na zura babbar rigar da na aro wurin surukina don zuwa masallaci, sai bindigar ƙusa ta cije. Irin mai aiki da iska ce.

Bulus, abokin aikina, ya ce, "Baba, cire tiyon iskan tukuna."

Na ce, "Tun ba a haife ka ba nake kafinta."

Na zauna, na dangwara bakinta a kan benci don ta dawo hayyacinta. Tas! Tas! Na lalubi cinyata, babu jini. Na yunƙura zan tashi, benci ya biyo ni. Ƙusoshi sun ɗinke rigar mutane da katako.

Ga ladan ya fara kira, ga ni daram a sahun gaba na coci, gumi na keto mini.

"Bulus, don Allah kawo filaya ka zare ƙusoshin nan kafin wani ya leƙo!"

Dariya ta hana shi motsi. Sai ga matan zumunta sun shigo shara.

"Sannu da zuwa, Baba! Ubangiji ya kawo ka!"

Har yau in na shiga masallacin unguwarmu, sai wani ya matsa mini wuri yana raɗa mini laƙabin dattawan coci, "Baba Dikon, har an taso?"