Baƙin Mai a Gidan Surukai

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida mahaifin Salamatu, yarinyar da nake nema, a gidansu na Lugbe. Na sha guga, na sha turare. Na iske Baba a tsakar gida ya ɗaga bonet ɗin motarsa, galan biyu na baƙin mai ajiye a ƙasa.

Bayan gaisuwa ya ce, "Yauwa, ɗana. Wanne za mu zuba?"

Ɗaya an rubuta 5W-30, ɗaya 20W-50. (A lokacin abin da na sani game da mota bai wuce ƙofar da ake shiga ba.) Amma Salamatu na tsaye da tire, sai na gyara murya.

"Baba, ai W ɗin nan sati take nufi da Turanci. Wannan sati biyar yake yi a juye shi. Wancan kuwa sati ashirin. Babban za a zuba."

"Ikon Allah. To talatin ɗin fa?"

"Gudun da mota za ta riƙa yi ne."

Har da nuni da yatsa. Salamatu ta ajiye tiren ta shige ɗaki da sauri, ni kuwa na ɗauka kunya ce. Dariya ta je yi.

Baba ya kwance murfin injin ya miƙo mini. "Karanta min, idona ba ya gani sosai." A jikinsa ɓaro-ɓaro an rubuta 5W-30.

Sannan ya zaunar da ni, cikin sanyin murya. W ɗin hunturu take nufi da Turanci, ba sati ba, in ji shi. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudana in inji ya yi sanyi, ta biyu kuma kaurinsa in inji ya ɗau zafi. In ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, zai makara kafin ya zaga ko'ina. In ya tsinke fiye da kima, ƙarfe zai ci ƙarfe. Wanda masu ƙera motar suka rubuta shi ake bi. Wancan galan ɗin ma na tsohuwar akori-kurarsa ne.

Ashe koyar da aikin inji ya yi har ya yi ritaya. (Salamatu ba ta faɗa mini ba, kuma har gobe cewa take mantuwa ce.)

Na ce, "Baba, gaskiya ban sani ba."

"Wannan amsar nake jira tun ɗazu," in ji shi, ya miƙo mini mazurari.

An ba ni matar dai. Amma duk taron dangi sai wani ya tambaye ni sati nawa shinkafa ke yi kafin ta dahu. Yanzu ko ƙarfe nawa aka tambaye ni a gidan surukai, sai na duba agogo sau biyu, sannan in ce bari a tambayi Baba.