Bwana Na-Sani da Kwakwar Bi Mtumwa

Duk wanda ya ce ƙauyenmu bai yi sa'ar baƙo ba, to bai san Bwana Renato ba. Allah ne ya dube mu da idon rahama ya ɗauko wannan bawa nasa tun daga Italiya, ya dire mana shi a gaɓar gabashin Zanzibar, don ya zo ya bayyana mana garin da aka haife mu. Kafin zuwansa cikin duhun kai muke. Muna kama kifi ba mu san halin kifi ba, iska na kaɗa mu ba mu san inda ta fito ba. Shi ya zo ya warware mana komai, kyauta, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Iliminsa kuwa ba a banza ya same shi ba. Shekara goma sha huɗu yana zuwa hutu, mako bibbiyu, otal guda, ɗaki guda, kujera guda a bakin ruwa. Ya iya gaisuwa uku da yarenmu, kuma duka ukun yake zazzage wa duk wanda ya gamu da shi, har akuyar liman. Ba a taɓa fara yi masa bayani an kai ƙarshe ba. Kana buɗe baki zai ɗaga maka tafin hannu ya ce ya sani. Muka raɗa masa Bwana Na-Sani. Shi kuma ya ɗauka sarauta ce aka ba shi, ya sa tela ya ɗinka masa sunan a goshin hula.

A shekara ta goma sha biyar ya ga cewa zaluntarmu yake yi da yake barinmu mako hamsin ba jagora. Ya ajiye aikinsa na ofishin inshora, ya sayar da gidansa, ya rabar da rigunan sanyi, ya sauko da akwati tara da injin murza taliya. Gidan abinci zai buɗe. Takardar zaman da hukuma ta ba shi ma a kan sana'ar take: in gidan abinci ya tsaya, ya zauna, in ya rufe, ya tattara ya koma. Komawar kuwa ba gida ba ce, tunda gida ya tafi. Wani ɗan ɗaki ne a bayan kicin ɗin yayarsa Ornella, wadda ta raka shi filin jirgi ta ce ba za ta ma kwashe shimfiɗar ba, don ta san zai dawo kafin shekara. Da bakinsa ya ba mu wannan labari yana dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba.

Ya karɓi hayar filin wani dattijo, Mzee Pandu, fili ne da ke kallon teku, mai bishiyar kwakwa bakwai. Ranar sa hannu, Sheha Kombo, mai unguwarmu, ya gyara murya ya ce akwai 'yar magana game da bishiyoyin nan. Sai tafin hannu ya tashi.

"Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da bakinka," in ji Bwana Na-Sani. "Na san kwakwa tun kafin wasu a nan su yi gemu. Na kwanta a inuwarta shekara goma sha huɗu. Na sha ruwanta, na shafa manta, na ɗauke ta hoto ya fi dubu. In akwai mutumin da kwakwa za ta yi wa gardama a tsibirin nan, ba ni ba ne."

Sheha ya maida murfin alƙalaminsa, ya ce to madalla.

Abin da ya so faɗa kuwa, yaron da bai fara sa wando ba ya san shi. A wurinmu ƙasa daban, bishiya daban. Fili na Mzee Pandu ne, ba musu, amma ko ganye ɗaya na kwakwar nan ba nasa ba ne. Biyu na Makame masunci ne, biyu na Faki, shi ma masunci, biyu na wasu magada goma sha ɗaya da ke raba 'ya'yan da faɗa duk wata uku. Ta bakwai, doguwar da ke tsakiyar fili, ta Bi Mtumwa ce, wata 'yar tsohuwa mara nauyi da ke zaune bayan masallaci. Ranar da aka haife ta ubanta ya binne cibiyarta a wurin ya dasa kwakwa a kai.

Ni ne na yi masa rufi, don rufin ganyen kwakwa shi ne sana'ata tun ina saurayi, shi ya sa ake ce mini Fundi Shaame, wato mai sana'ar hannu. Ya ce yana son doguwar nan ta tsaya a tsakiyar zauren cin abinci, kanta ya ɓulla ta saman rufi, tebura su kewaye gindinta. Na ce Bwana, ita fa kwakwa abin da ta haifa ƙasa take jefowa. Ya ce, "Fundi Shaame, na sani." Na koma kan aikina. Rufi aka kira ni, ba wa'azi ba.

Gargaɗin farko a wurin raga ya zo. Ya sayo ragar kwanciya mai launin bakan gizo ya ɗaura tsakanin bishiyoyi biyu, ashe ɗaya ta Makame ce, ɗaya ta Faki. Su kuwa shekara ashirin ke nan ba sa ga maciji, a kan wata koma da ta ɓata tun 'ya'yansu na goye. Makame ya zo wucewa ya ga an haɗa bishiyarsa da ta Faki da igiya guda. Nan take ya kwance nasa gefen. Bwana Na-Sani na ciki a lokacin, yana karanta littafin da ke bayanin al'adun mutanen Zanzibar. Da ya tashi yana kakkaɓe yashi ya sanar da mu cewa gishirin iska ne ke sassauta ƙulli, abin da ya daɗe da sani. Washegari ya sake ɗaurawa. Wannan karon Faki ne ya kwance, don kada a ce Makame ya fi shi zuciya.

Ranar buɗewa ta zo. An share yashi, an shimfiɗa farin ƙyalle a tebura, an zuba baƙi kusan talatin daga otal-otal. Amma mutum ɗaya ake yi wa duk wannan. Bi Zuwena ce, wadda ke tsara wa wani kamfanin yawon buɗe ido na birni wuraren da motocinsa za su riƙa tsayawa cin abincin rana. In ta rubuta sunanka, mota biyu kullum. In ba ta rubuta ba, ka ci taliyarka kai da hankaki. Ya zaunar da ita a teburin girma, dab da gindin bishiya, kusa da wata ƙatuwar tukunyar miyar tumatir da ya ce girkin kakarsa ne.

Ya miƙe da hularsa ya fara jawabi. Ya ce yau nahiyoyi biyu sun rungumi juna. Ya ce shi ba baƙo ba ne, ɗan ƙasa ne da aka haifa a wani wuri bisa kuskure. Yana cikin bayanin yadda ya fahimci ruhin tsibirin nan sai aka ji waƙa daga sama.

Mu da muka san waƙar muka ja da baya. Ussi ne, mahayin kwakwa. Wata uku sun cika, lokacin sauke 'ya'ya ya yi, Bi Mtumwa ta kawo shi, ya bi ta bayan rufi ya haye. Mahayi kuwa in yana sama waƙa yake yi don na ƙasa su kauce. Bwana Na-Sani ya ɗaga hannu sama ya shaida wa baƙi cewa wannan waƙar maraba ce ta gargajiya, shi ya shirya ta musamman. Suka tafa.

Kwakwar farko ta huda rufina, ta faɗa tsakiyar tukunya. Girkin kaka ya tashi sama ya sauko a kan nahiyoyin biyu. Ta biyu ta raba teburin girma. Ta uku ta sami injin taliya. Baƙi suka watse, wasu ƙarƙashin tebur, wani mai ƙiba ya nufi teku da cokali a hannu. Ana cikin haka Bi Mtumwa ta shigo da kwandonta, ta yi sallama, tana bi tsakanin ƙafafun mutane tana tsintar kayanta, tana cewa a gafarce ta, a ɗan ɗaga ƙafa. Ta sa hannu cikin tukunya ta ciro tata, ta dube ta, ta yi tsaki. Bi Zuwena ta goge tumatir daga gilashin idonta, ta rufe littafinta ba ta rubuta komai ba, ta shiga mota.

Washegari da hantsi Bwana Na-Sani ya bayyana a ƙofar Sheha da takardar haya a hannu ɗaya, gatari sabo fil a ɗaya. Ya yi magana kusan sa'a guda a kan doka da wayewa da haƙƙin mai zuba jari. Sheha ya bar shi sai da yawunsa ya ƙare. Sa'an nan a hankali ya gaya masa cewa yashi ya karɓa haya, yashin kuwa ba wanda ya hana shi. Bishiya tana da mai ita, kuma mai ita tana da hanyar zuwa gindinta duk ranar da ta ga dama, ko da ɗaki aka gina a kai.

Karo na farko a tarihin ƙauyen nan tafin hannu bai tashi ba.

Da ya farfaɗo ya juya wurin Bi Mtumwa, wadda Sheha ya sa aka kirawo, ya ce ta faɗi abin da take so, zai sayi bishiyar.

"Ɗana," in ji Bi Mtumwa, "cibiyata ce a ƙarƙashinta. Kai ka sayar da taka? Shekara saba'in kwakwar nan tana jefo 'ya'yanta wuri guda, ba ta taɓa samun kowa ba, sai da ka kai mata tukunya. Kuma ka ɓata mini ɗaya da jan abin nan naka, ko kaji sun ƙi ta."

Kamar wannan bai isa ba, bayan kwana uku jami'in duba gidajen abinci ya zo. Ya ɗaga kai ya ga sama ta cikin rufi, ya tuna masa cewa busasshiyar kwakwa ba ta jiran Ussi, ranar da ta so take faɗowa. Ya ba shi mako guda: ko ya kare kawunan masu ci, ko a rufe gida.

Da la'asar ɗin ranar na je gyara rufi na same shi zaune a kan akwati, hula a gwiwa. Wayarsa na ta ƙara a kan yashi, sunan Ornella na haskawa, bai ɗauka ba. Wallahi ya ba ni tausayi. Mutum ne da ya sayar da komai don mako biyun da ya ji daɗi a duniya, ya zo ya tarar shekara ta fi haka tsawo. Na buɗe baki zan ba shi shawara ya janye teburan nan zuwa ɗaya gefen fili, inda ba bishiya, aikin yini guda ne. Ban kai ga kalma ta uku ba ya zabura ya miƙe, ido na ƙyalli, tafin hannu a sama.

Hular kwano ce dabarar da ta faɗo masa. Ya bi 'yan acaɓar yankin nan kaf ya saye tsofaffin hulunansu guda talatin, wasu da warin gumin shekara biyar. Ya rataye su a ƙofa ya kafa allo. Ya yi sabon jawabi, ya ce manyan biranen duniya ba su kai ga wannan tunani ba tukuna, nan gaba za a koyar da shi a jami'o'i. Duk mai son cin abinci sai ya kifa kwano a ka, ya ɗaure igiya a haɓa. In zai kai loma ya ɗaga gilashin hular, ya tura taliya, ya sauke. Mata da miji na hira da ihu don ba mai jin wani. Shi kansa mai gida ya ɗora tasa a kan hular sarauta, yana zagaya tebura yana bayanin tarihin tsibiri, murya na fitowa kamar daga cikin randa. A tsakiya kuma ga Bi Mtumwa a kan tabarma, jingine da bishiyarta, kai ba komai sai ɗankwali, tana fere ɗanyar kwakwa tana miƙa wa masu so.

Labari ya kai birni. Bi Zuwena ta dawo ta tsaya a ƙofa, ta kalli abin na ɗan lokaci, sai ta zauna daɓas a yashi tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta buɗe littafi ta rubuta sunansa. Yanzu mota uku ke tsayawa kullum, an sabunta masa takardar zama, kuma ya buga wa Ornella waya ya ce ta naɗe shimfiɗa. Ya gaya mana cewa daga ƙarshe duniya ta gane girkin kakarsa.

Ran nan na je birni sayen igiya, a hanyar dawowa direban ɗaya daga motocin ya rage mini hanya. Jagoran baƙi na tsaye a gaba yana karanta musu tsarin yini. Ya ce da safe sun ga jajayen birai a daji, yanzu kuma za su ga Baturen Kwano, kuma ƙa'idar kusan ɗaya ce.

"Kada ku matsa kusa da yawa, kada ku yi dariya yana kallo," in ji shi. "Abincin ba dole ba ne, akwai burodi a mota. In kuna son ya yi abin nasa, ku fara gaya masa wani abu kawai, ku riƙe kyamara a shirye."