Rasuwar Mai Jigo, Allon Wuta na Maniru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Maniru Na'Allah, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Boɗinga, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar allon wutarsa, wanda gari ya sani da Mai Jigo. Ya rasu ranar Larabar makon jiya a Dandin Mahe, ana saura sati uku zaɓen 1983, yana da shekara uku a duniya.

Ga wanda bai san marigayin ba, falle biyu ne na gilashin roba, ɗaya a bayan ɗaya. Wata bakwai Maniru ya yi yana ƙarzar su da basilla, har yatsunsa suka yi kanta. A fallen farko ya zana mahaifinsa, Malam Na'Allah, a duƙe yana tsoma gugan jigo a gonar albasa. A na biyu ya zana shi ya miƙe da gugan cike. Ya jera ƙwayayen fitilar babur a gindin kowane falle, ya haɗa su da abin da ke kyafta tirafiketar tsohuwar mota. Haske ba ya kama ko'ina sai inda basilla ta bi. Wannan falle ya kama, wancan ya mutu, sai ga Malam yana duƙawa yana tasowa. Malam kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Kamanninsa a duniya ke nan.

Marigayin mai haƙuri ne. Batirin tsohuwar motar roka ya ci duk rayuwarsa, bai taɓa ƙorafi ba. Maganarsa ba ta wuce biyu: ƙyas, ƙyas. Kullum bayan la'asar sakaliya Inna Kaltume, mahaifiyar Maniru, kan jawo kujerarta ƙofar shago ta zauna tana kallon mijinta yana ban ruwa, har a kira magariba.

Ajali ya zo masa cikin babbar riga. Alhaji Mukhtari, shugaban kwamitin tarbar baƙi, ya zo aronsa domin bikin kawo wutar lantarki Dandin Mahe, inda turaku suka shekara huɗu a tsaye ba waya, sai hankaki. Maniru ya so ya hana, amma wa ya isa ya ce wa Alhaji a'a a shekarar zaɓe? Ya yi gargaɗi har sau uku cewa ko da tsumma kada a taɓa fuskarsa. Alhaji ya ce: “Haba Maniru, mu za ka koya ma riƙon kaya?”

To, ka san mu da baƙo. Duk abin da zai gani sai an darje shi ya yi ƙyalli, daga tasa har buta. Alhaji ya hango zanen basilla, ya ce dauɗa ce ta maƙale. Aka ba matan da ke wanke kwanonin biki, su kuwa bayin Allah suka sa toka da yashi da iya ƙarfinsu. Ba su da laifi, aikin da suka iya suka yi. Babban baƙon ma bai zo ba. Wutar kuma har yau ana jira.

Da aka dawo da shi cikin buhun albasa, Maniru ya haɗa batir. Ƙyas, ƙyas, muryar tana nan. Amma allon gaba ɗaya ya ɗauki haske fari fat, ba jigo, ba guga, ba Malam. Inna Kaltume ta matso da kujera, ta murza ido, ta ce: “Kai wanga, ina Malam yat tahi?” Wallahi kukan da Maniru bai yi ba ranar da aka binne mahaifinsa, ranar ya yi shi.

An nemi magani. An aika Sakkwato, an aika Kano, aka ce tun da ostariti, tsuke bakin aljihun gwamnati, ya hana shigo da kaya, ko gutsuren gilashin roba babu. Ko da an samu ma, Maniru ya ce in ya rufe ido yanzu, hancin Malam da gemunsa sun fara ɓace masa.

Marigayin ya bar batir ɗaya, ƙwayaye shida, basilla da ta dakushe, da tsohuwa guda wadda har jiya ta jawo kujerarta. Alhaji Mukhtari ya aiko da goro biyar, da saƙon cewa ai roba ce.

Za a binne shi gobe Jumma'a da hantsi a fadama, gindin tsohon jigon Malam, kuma Maniru da kansa zai haƙa ramin. Ana karɓar gaisuwa a shago kwana uku. 'Yan kwamiti su yi zamansu, an yafe musu tattaki. Masu tambayar lokacin wanka kuma su huta, ba za a yi masa ba. An riga an wanke shi a Dandin Mahe.